Tsarabar Jirgin Ruwa da Kuɗin Akwatina

Malam Mai Fili,

Ka taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a garin nan ba tare da ta zaga unguwa kafin azahar ba. Ka yi haƙuri da rubutun, irin na tsofaffi ne.

Ni tsoho ne, na haura saba'in bisa lissafin da Turawan mishan suka yi mini ranar da na shiga makarantarsu. Mutumin kudancin lardin Bauchi ne ni. Na yi aikin malamin asibiti har ƙarfi ya ƙare, ina ba da magani ina wanke gyambo, yanzu ɗan fansho nake ci. Ina zaune a gidan haya wajen Ƙofar Dumi. Matata Roda ta rasu damina uku da suka wuce. Ɗa guda Allah ya bar mana, Jesse, yana aikin akawu a Saliyo. A can ya yi aure, aka haifa masa 'ya, ya sa mata sunan uwarsa. A hoto kaɗai na san ta.

Watan jiya ya aiko mini da tikitin jirgin ruwa. Wai in hau mota zuwa Jos, in shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can jirgin ruwa ya kai ni wurinsa, in huta wata biyu in dawo. Ya ce ci da sha da makwanci duk suna cikin tikitin, ya kuma haɗo da fam goma na kashewa a hanya. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi Gongola faɗi ba! Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Tun da aka share makokin Roda ƙafa ta ɗauke daga gidana. Ba na zargin kowa. Ita ce mai mutane, ni ban iya hira ba, ko da can in an yi baƙi gaisawa nake yi in koma ga littafina. Bayan ta tafi sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ban da mai kawo ruwa. Jaridar nan taku ma da ƙarfi nake karanta ta, don in ji murya a ɗakin. Ran Lahadi in na buɗe baki zan yi waƙa a sujada sai in tarar muryar ta dushe saboda rashin amfani.

To, sai fasto ya sanar da tafiyata, ya ce a sa ni a addu'a. Malam, kafin mako ya zagayo sai da na aro benci daga maƙwabta. Mutane suka yi ta zuwa, kowa da ɗan abin gudummawarsa, wannan ƙwai, wancan gyaɗa, wani sisi a tafin hannu. Sun ji cewa jirgin daga Ingila yake zuwa, sai suka ɗauka akwai babban kanti a cikinsa inda kayan Turawa suke araha kamar a roƙe ka ka ɗauka. Liatu, wadda matata ta koya wa saƙa, ta kawo mini kaza, sannan ta zaro igiya ta auna ƙafarta a gabana ta ƙulle, ta ce ai Baba ba zai wuce kantin Turawa ya bar 'yarsa tana taka ƙasa ba. Da sauran mata suka ji, kowacce ta kawo tata igiyar, har da ta 'ya'yanta. Suna nan cikin gwangwani, na fara mance wadda take ta wace. Tunji mai gyaran keke ya kawo madarar gwangwani, shi agogon hannu yake so, ya ce in na dawo babu shi, zai gaya wa duk Bauchi kwalekwale na hau. Har maƙwabcina Modibbo, wanda shekara da shekaru ta kan katanga muke gaisawa, ya shigo da kansa ya ba ni sandar dogarawa mai kyau, ya zauna muka yi hirar mulkin kan da ake ta faɗa. Da zai tashi ya ce, cikin jin nauyi, idanunsa sun fara gaza karatu, ko zan samo masa tabarau irin nawa.

Kowa na ce masa to. Gaskiyar ita ce, na lura in na ce to sai mutum ya gyara zama, a ci gaba da hira. Ban san lokacin da to ɗin ta yi yawa haka ba.

Shekaranjiya na lallaba kasuwa na tambayi kuɗin irin waɗannan kaya a shagon Nkechi. Ko da jirgin ya rage rabi, fam goman nan ba za ta kai ko'ina ba. Ga shi wani akawu da ya taɓa yin tafiyar ya gaya mini akwai kuɗin 'yan dako, akwai masauki a Ikko in jirgi ya yi latti, akwai kuma tukuicin boyi-boyin jirgi, wai wanda bai bayar ba kallon banza ake yi masa.

Ina da wani kuɗi, fam goma sha biyar a asusun gidan waya. Na akwatina ne da na jana'izata. Lokacin da Roda ta rasu jinya ta cinye abin hannuna, sai da aka zaga da faranti a sujada kafin aka sayi katako. Ina zaune ina jin ƙarar kwabbai suna faɗawa. Ranar na yi wa kaina alkawari ba za a zaga da faranti domina ba. Har mun yi magana da Matthias kafinta, ya san irin katakon da nake so. Sau biyu ke nan ina zuwa ƙofar gidan waya don in ciro kuɗin, ina juyowa.

Jesse ba zan iya tambayarsa ƙari ba. Ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba na so dangin matarsa su ga uban da ya iso da hannu a miƙe. Mayar wa mutane gudummawarsu ma ba zai yiwu ba, kazar Liatu na riga na cinye ta.

Don haka ka gaya mini: nawa ne gaskiyar abin da mutum yake kashewa a irin wannan tafiya? Kuma in ciro kuɗin akwatin in cika alkawuran nan, ko in dawo hannu sake? Malam, ba teku nake tsoro ba, ba kuma mutuwa ba, na ga mutuwa da yawa a wurin aiki. Abin da nake tsoro shi ne in dawo babu takalma, a zo rana ɗaya a yi mini barka da zuwa, daga nan ɗakin ya koma shirunsa. Na ɗanɗana zama da mutane a wannan wata, ban san ko zan iya komawa yadda nake ba.

Naka,
Tsoho Mai Jiran Jirgi, Bauchi.

*

Baba,

Rubutunka ya karantu sarai, damuwarka ma haka.

Kada ka taɓa kuɗin gidan waya. Shi ne yake sa ka barci da kwanciyar hankali, kuma dattijo mai shekarunka ba ya doguwar tafiya ba tare da wani abu a bayansa ba. In ka juya shi takalma, takalman za su tsinke kafin damina biyu, kai kuwa ka koma tunanin faranti.

Fam goman kuma Jesse ubansa ya aiko wa, ba unguwa ba. Na tambayi waɗanda suka saba wannan hanya, sun ce za ta ishe ka in ka bi ta a hankali. Ka fara da jikinka: ka sayi rigar sanyi mai kauri a Jos, domin iskar teku ba ta raga wa tsofaffin ƙasusuwa. Ka ware fam uku na dawowa, ka ɗinke a lalitarka, ka ɗauka babu su. 'Yan dako ka yi ciniki da su kafin kaya ya hau kai, ba bayan an sauke ba. Tukuici ranar sauka ake bayarwa, ga mai gyara maka ɗaki da mai kawo maka abinci, 'yan sulalla kaɗan, babu mai raina dattijo a kan haka. Kuɗinmu shi ake kashewa a Saliyo, kada wani ya ruɗe ka da zancen canji. Ka kuma rubuta wa Jesse ya samo wanda zai tarye ka a Ikko. Wannan ba roƙo ba ne, zai ma ji daɗi ka tambaya.

Kantin jirgi kuwa ɗan ƙarami ne: sabulu, alewa, taba, katin hoto. Ba a sayar da takalman Liatu a ciki, abin da ke akwai ma ba araha yake ba.

Mutanenka ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya kawo gudummawa yana da hakkin tsaraba, haka muka tashi muka gani. Kuma ina zaton da yawansu ba ƙin ka suka yi ba a shekarun nan. Gidan da matar gida ta rasu, mai gidan kuma ba mai hira ba, mutum yakan rasa dalilin da zai yi sallama da shi. Tafiyarka ta ba su dalili. Ka yi mini haƙuri, Baba, amma kai ƙofar wa ka je a damina ukun nan?

Inda aka kuskure shi ne an haɗa tsaraba da saƙo. Tsaraba matafiyi ne yake zaɓa, daidai ƙarfinsa. Saƙo kuwa mai shi ne yake ba da kuɗinsa. Ka warware wannan tun kafin ka tafi, kada ka bari sai ka dawo. Ka bi su gida gida da sandar nan taka, ka mayar wa kowa igiyarsa, ka ce ka bincika ka ji babu takalma a jirgi, amma mai son wani abu daga Saliyo ya kawo kuɗinsa za ka duba masa. Ka faɗa da fara'a. Ka gaya wa Liatu kazarta ta yi daɗi, sai dai ba ta kai kuɗin takalmi ba. Tabarau kuwa ka fi ni sanin ba a sayen su sai an gwada ido, don haka ka raka Modibbo asibiti da kanka. Wasu za su ɗauke ƙafa. Waɗannan ko ka kawo takalman, ranar da suka karɓa za ka yi musu ganin ƙarshe.

Fam biyu ta isa tsaraba. Goron Saliyo yana da suna, a can kuma ba shi da tsada, ka haɗa da sabulu da alewar yara. Sannan ka cika kwalba guda da ruwan teku ka toshe ta da kyau. A duk Ƙofar Dumi mutum nawa ne ya taɓa sa teku a harshensa? Wanda ya zo ka ɗiga masa a tafin hannu ya lasa, za ka ga tambaya tana bin tambaya: ina gaɓarsa, me ake ci a jirgi, da gaske ƙasa takan ɓace wa ido? Ka ce ba ka iya hira ba, to a wannan ba sai ka iya ba, amsa kawai za ka riƙa bayarwa. Kada dai ka juye musu labarin duka a zama ɗaya. Ka tsaya a inda ya fi daɗi, ka ce sauran sai gobe in an zo.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka ɗauki jikarka da hannunka, ya dawo mana da kai da ƙarfinka.

Mai Fili.