Fitilar da Na Kunna wa Umma

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa. Shekarata goma sha huɗu, ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Ummata ta yi wata biyar a kwance, ƙasusuwanta na ciwo, ko banɗaki sai na riƙe ta. Likita ya ce sinadarin bitamin D ne ya yi mata ƙaranci, wanda jiki ke samu daga rana. Mu kuwa tun da aka gina bene a bayan ɗakinmu, rana ba ta leƙo mu. An ba ta ƙwayoyi, amma tana tura su ƙarƙashin matashi, wai suna tayar mata da zuciya.

Na ji a wayar Yayata cewa akwai fitila mai aikin rana. Na rubuta sunan a takarda, na miƙa wa mai kayan lantarki, kunya ta hana ni faɗin abin da zan yi da ita. Ya ba ni wani dogon ƙwan fitila mai shuɗin haske, irin na akwatin da masu aski ke saka kayansu. Na kunna wa Umma da safe. Har dariya ta yi, ta ce autarta ta kamo mata rana.

Yanzu idanunta sun kumbura, hawaye kawai suke zubarwa, fuskarta na saɓa. Abin da ya fi ƙona min rai, ta ce wa Baba ciwon ido ne ke yawo, don kar ya yi min faɗa. Ni na cuce ta, ita ke rufa min asiri. Umma za ta makance? Ina zan samu fitilar gaskiya?

Autar Umma

'Yata, share hawayenki. Ƙwan da aka ba ki na kashe ƙwayoyin cuta ne, ba a haska shi a jikin mutum. Kar ki sake kunna shi. Irin wannan ƙunar ido yawanci tana warkewa cikin 'yan kwanaki, amma yau za ku kai Umma wurin likitan ido, ku tafi da ƙwan.

Fitilar da kika ji labari akwai ta, sai dai likitocin fata ne ke aiki da ita, da awon daƙiƙa da tabarau na musamman. Ki bar nemanta a kasuwa. Maganin Umma yana ƙarƙashin matashinta. Ki sanar da likita ba ta sha, zai iya canza mata wani.

Kin yi kuskure da kika yi shiru, mai shagon ma ya kamata ya tambaya. Umma ƙauna ce ta sa ta ɓoye, amma ɓoyon zai hana ta magani. Gaya wa Baba da bakinki, ko ki miƙa masa wannan shafin. Hannunsa kike buƙata: ku riƙa ɗaukar Umma a kujera zuwa ƙofar gida kowace hantsi, ta sha rana.

Allah ya ba ta lafiya, ya nuna miki ranar da za ta taka zuwa ƙofar da ƙafarta.