"Da Sauƙi" Ba Sakamakon Gwaji Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Agajin Gaggawa na asibitin da ya fi kusa da mu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Likita, dangi sun ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Na bar wa Allah abin da yake nasa. Naku kuwa ga shi na kawo muku, kuma a bainar jama'a.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka kawo mahaifina daga Gwale, ƙirjinsa ya riƙe, gumi na keto masa. Ma'aikacinku ya ce, "Baba, yaya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Shi ke nan aka ce olsa ce, aka ba shi farin maganin nan na ruwa. Da ciwon ya ɗan lafa aka sallame mu. Washegari a wani asibitin aka gano bugun zuciya ne, kuma ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Na farko, Likita, kai ma ɗan garin nan ne, kana zuwa dubiya. Wane dattijo ka taɓa ji ya ce wa sa'an ɗansa yana jin jiki? Balle mahaifina, Bafulatanin da ko saniya ta taka shi ba za ka ji uffan ba. Wannan amsa tarbiyya ce, ku kuma kuka mayar da ita awo.

Na biyu, likitan zuciyar da yake duba shi yanzu ya shaida mini cewa bincike ya daɗe da nuna lafawar ciwon ƙirji bayan shan maganin olsa ba ta wanke zuciya daga zargi. To ku da wane bincike kuka dogara? Na'urar gwajin zuciya tana ɗakin, da idona na gan ta, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar keken ɗinkin da aka daina amfani da shi. Da na nemi a gwada mahaifina da ita, sai aka tambaye ni ko ni ce likitar. Ba ni ba ce. Ni 'yarsa ce, kuma har yau raina a ɓace yake.

Mutumin da a da yake takawa har Ƙofar Na'isa gaida 'yan uwa, yanzu alwala sai ya huta a tsakiya.

Buƙatata ita ce duk wanda ya zo da ciwon ƙirji a gwada zuciyarsa kafin a ambaci olsa, kuma ku fito ku faɗa wa jama'a hujjar da kuke aiki da ita. Ba zan janye wannan takarda ba, ko wa za a turo ya ba ni baki.

An gargaɗe mu cewa ciwon zai iya dawowa, kuma ku ne kusa, wurinku za mu sake kawo shi. Za ku tambaye shi jiki, zai ce da sauƙi. Kada ku yarda da shi. Ku yaye ƙyallen nan.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa hannunka ya zama sanadin waraka.

Wassalam.

'Yar majinyaci, daga Gwale.