Lawali, Na Faɗa wa Hajiya Abin da Ya Faru a Jirgin Paris

Zuwa ga aminina Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Habibu, makaɗin gangarku. Shekara goma ke nan da rasuwarka, sai yau na iya zama in rubuta maka.

Muna da shekara goma sha shida muka haɗu a lise, wato makarantar sakandare, a Villeurbanne kusa da Lyon. Da ka ji ni ɗan Zinder ne, ka ce kai na Maradi ne amma ka yafe mini. Kafin wata ya ƙare ka jawo ni cikin ƙungiyarku ta kiɗan buluz, kai da Julien mai gita da Marc mai gitar bas.

Kowace Laraba da rana muna garejin baban Julien, tsakanin tsoffin tayoyi da gwangwanayen fenti. Kana rufe ido in za ka rera, rabi da Faransanci, rabi da Hausa. Su Julien ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausar, amma sukan sassauta kiɗa in ka shiga cikinta. Kakan ce mini, “Habibu, rage duka, ba biki muke ba.”

Ni kaɗai a cikinmu na san kana da ciwon sikila. Na san yadda sanyin Lyon ke shiga ƙashinka, na san ranakun da kake ce wa su Marc mura ce, alhali kana asibiti ana ƙara maka ruwa. Ka sa na yi rantsuwa ba zan faɗa ba. Ka ce ba ka son a tafa maka don tausayi.

Sai aka gayyace mu Paris, wasan matasa a wani ƙaramin zaure kusa da Château Rouge. Ba mu taɓa wasa a wajen unguwarmu ba.

A cikin jirgin ƙasa na ga kana matse gwiwarka, gumi na tsiyaya a goshinka. Na san alamar. Na ɗauko waya zan kira Hajiya, mahaifiyarka, ka riƙe mini hannu ka ce, “Waƙa huɗu ce kawai. Bayan nan ka kai ni duk inda kake so.” Na mayar da wayar aljihu. Lawali, ba don roƙonka kaɗai na yi ba. Ni ma ina son in hau dandalin nan.

Ka rera uku a tsaye, ta huɗu a zaune kan akwatin lasifika. Mutane suka ɗauka salo ne. Wata tsohuwa 'yar Tahoua ta zo tana tambayar ɗan wane ne kai, a lokacin kana jingine a kafaɗata, numfashi na yi maka wuya.

Kwana biyar ka yi a asibiti. Ciwon ya kama ƙirji. A rana ta shida muka yi maka salla.

Ban sake taɓa ganga ba. Na gama karatu, na sami aiki, na yi aure. Duk salla nakan kai wa Hajiya gaisuwa, ta zuba mini fura, ta ce da ni ɗana, ni kuwa in kasa haɗa ido da ita.

Makon jiya na ji za ta koma Maradi gaba ɗaya. Na je na same ta cikin akwatuna, na durƙusa na faɗa mata komai, har da son raina. Ta ajiye zanen da take ninkewa. Sannan ta ce, “Habibu, ni na ɗaura masa ƙyalle a wuya da safen nan. Na ga idanunsa sun yi ɗorawa, na kuma buɗe masa ƙofa da hannuna. Tun da na haife shi nake hana shi abubuwa. Ranar ban iya ba.”

Muka zauna muna kuka, ni da ita. Da zan tafi ta tambaye ni ko ka yi waƙar da kyau. Na ce mata ka yi.

Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya ba ka jikin da ba ya ciwo. Ya ba Hajiya haƙuri, ya yafe mini.

Naka har kullum,
Habibu