A Bar wa Baba Giyar Motarsa

Yaya Lorraine,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya gwiwar Baba? Ina lafiya a rijiyoyin man Alaska, yatsuna ne dai sanyi ya sandarar.

Kin ce tunda ƙafarsa ta daina iya taka kuloci, a mayar da tsohuwar motar nan Mustang da muke gyarawa ni da shi otomatik. Don Allah a dakata. Kullum ina mafarkinmu a hanyar bakin tafki, ina taka kuloci, yana gefena yana sa giya, yana cewa, "Kai sakarai, saurari injin mana!"

Wataƙila son kaina ne, ban sani ba. Ki tambaye shi. In ya yarda, da bazara zan zo in ara masa ƙafa.

Ƙaninki,
Curtis