Akwatunan da Ke Gaisawa

Litinin, 5 ga Agusta
Iska ta sake karkatar da eriyar da ke kawo mana saƙonni daga asibitin Makarfi. Sakamakon gwajin jini bai iso ɗakin shan maganinmu na Ikara ba, sai da Gambo ɗan aikenmu ya ɗauko a babur, jiƙe sharkaf. 'Yata Wasila ta ce matsalar a suwici take, akwatin nan mai ƙyaftawa da ke raba saƙonni. Marigayi babanta ya kafe masa hanya ɗaya tal, Ikara zuwa Makarfi. In ta yanke, shi ke nan.

Laraba, 7 ga Agusta
Tana so ta goge saitin da Malam, babanta, ya yi. Na ce a'a, shi ya ce kada kowa ya taɓa, amana ce. Ta ce, "Inna, amanar akwati ya bar miki ko ta marasa lafiya?" Bakin babanta sak. Na kama tsintsiya.

Juma'a, 9 ga Agusta
Na yarda, bayan istihara. Ta saita namu, ta saita na Makarfi da na reshenmu na Kudan. Wai yanzu a kai a kai suke gaisawa, kowa na faɗa wa maƙwabci hanyoyin da ya sani. In ɗaya bai amsa ba, sai su zaga da saƙo ta wani. Na ce ashe sun fi wasu mutane ladabi.

Asabar, 10 ga Agusta
Kaico. Da za mu tashi jiya na kashe soket, don wuta na ci ba kowa almubazzaranci ne. Ashe ba ta adana saitin ba. Duk ya tafi. Ta yi dariya har da hawaye: "Inna, wannan ba fitila ba ce!" Ta sake, ta adana, na manne soket ɗin da filasta.

Talata, 13 ga Agusta
Ruwa kamar da bakin ƙwarya, eriya ta sake juyawa. Ga Huseina daga Paki da tsohon ciki, tana jiran sakamakon jininta. Ina ta salati. Sai ga shi a kwamfuta, ya biyo ta Kudan, ba wanda ya taɓa komai. Da yamma ta sauka lafiya, mace. Alhamdulillahi.

Laraba, 14 ga Agusta
Yau ta bayan kasuwa na bi, na leƙa ƙawata Kulu. Rabona da gidanta tun kafin in shiga takaba. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ba wani abu ba ne, hanyar ce ta fi bushewa.