Tsuntsun da Ya Yi Atishawa

Ya Nyelang, sanyin idona, ruwan da ke sauko mini daga kan dutse, inuwar itacen duriyan da rana tsaka, gishirin shinkafata! Kada ka yi dariya don na ce gishiri. Da ka san yadda muke cin shinkafa lami a gidan nan, da ka gane ban taɓa kiran kowa da suna mai tsada irin wannan ba.

Ni ce Cendai. Ka san rubutuna tun muna benci ɗaya a makarantar Malama, can gindin ganuwar Raja mai mulkin ƙasar nan, amma muryata ba ka san ta sosai ba. Duk ranar da ka tsaya a gabana, ƙasa nake kallo, har na fi sanin yatsun ƙafarka fiye da fuskarka. Yau dole ta sa na yage takardar ƙarshe ta littafina, zan cusa ta cikin gora in jefa kogi a ɓoye. Ina roƙon ruwa ya kai ta kan kwanar kogin nan, ga kututturen da kake ɗaure kwalekwalenka.

An ɗaure gidanmu, masoyina. Ka ga ganyen da aka rataya a bakin tsani? Ba mai sauka, ba mai hawa. Ba gona, ba kogi, ba daka, ba saƙa. Dogon gida guda, muna cikinsa kamar kifi a koma, kowa na shaƙar numfashin kowa. Yara na kuka, mata na faɗa a kan ludayi, maza sun gaji da barci. Ta tsagar dabe nake leƙen aladun da ke ƙarƙashin gida, ina jin haushinsu, don su suna zuwa inda suka ga dama. Kogi ga shi nan yana wucewa yana mini gwalo. Wayyo Nyelang, akwai ƙishin da ya kai na mai kallon ruwa?

Kuma kai ne ka ɗaure mu, kai da bakinka!

Ka tuna ranar da ka kawo gishiri mashigarmu, ina wanke shinkafa? Rana tana kan ruwa kamar an watsa tsabar azurfa, kai kuma kana tsaye a kwalekwale da ƙafa ɗaya a kan bakin jirgin. Ka ce, “Ke Cendai, wai a makaranta kika manta harshenki? To huta, ba sai kin yi magana ba. In na zo zan yi miki kukan tsuntsu daga cikin ganye, ke dai ki leƙo.” Na gyaɗa kai, na yi ta gyaɗawa, har rabin shinkafar ta bi ruwa ban sani ba. Ranar na koma gida kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Da ma na tambaye ka wane tsuntsu! Kai a gindin ganuwa ka tashi, cikin masu kanti, inda tsuntsu abin tukunya ne ko abin keji. Mu nan tsuntsu manzo ne, shi ke faɗa mana mu shuka ko mu fasa, mu zauna ko mu tashi. Duk tsuntsayen da ke dajin nan, ka rasa wanda za ka kwaikwaya sai embuwas, mai kuka irin na matar da aka yi wa rasuwa? Na san don zaƙin muryarsa ka zaɓe shi. Ni ma da na ji, zuciyata ta yi tsalle kamar kifi a hantsi. Amma Kaka Unggat, mai fassara mana muryar tsuntsaye, yana zaune a baranda, sai abin taunarsa ya faɗo daga bakinsa. Ya ce embuwas ta hagu, a sabon gida, ba alheri ba ne. Kafin in kai bakin tsani an rataya ganye.

Muka haƙura, muka zauna. Ranar da za a kwance, kai kuma da ba ka gan ni ba hankalinka ya tashi, ka dawo ka yi kukan da ya fi na farko tsawo. Aka sake ɗaurewa. Kuma, ya hasken rayuwata, da ka gama sai ka yi atishawa.

Kaka ya karkata kai ya ce, “Na tsufa ina sauraron tsuntsaye, ban taɓa jin embuwas mai mura ba.” Kawu Bantin ya ce, “Baba, wannan tsuntsu ƙafa gare shi, ba fiffike. ’Yan leƙen asirin bayan tsauni ne. Bar ni da shi, mashina yana maganin mura.” Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa na ciji gefen tabarma. Kaka ya dube ni ya ce, “Amaryata, me ya same ki kike rawar ɗari? Ko ke ma tsuntsun ya shafa miki?” Aka ɗura mini sassaƙe mai ɗaci. Na shanye saboda kai, ban tofar ba.

Yanzu saurara da kyau, don a nan dariya ta ƙare. Kawu ba zai sauka ba tunda gida a ɗaure yake, amma kullum da safe yana ƙarshen baranda da mashi a cinya, idonsa a kan ganyen da ka saba ɓuya. Kaka kuma ya yanke magana: in embuwas ya sake kuka, ƙasar nan ta ƙi mu. Za mu bar gidan da ginshiƙansa ba su gama bushewa ba, mu bar gonar da muka sare da hannunmu, mu haura tsauni. Ka san me ke bayan tsauni, Nyelang? Can ruwa wata fuska yake bi. Ko gora dubu na jefa, ba ɗaya da zai zo gare ka. Yaya zan rayu a bakin kogin da bai san kwalekwalenka ba? Me zan kalla da safe? Wa zan ji kunya?

Na gwada faɗa wa Kaka gaskiya. Na durƙusa na ce, “Kaka.” Ya ce, “Na’am, amaryata.” Na buɗe baki, na rufe, na ce, “Kamar za a yi ruwa.” Ya ce, “A ƙasar da ake ruwa kullum? Lallai makaranta ta yi rana.” Ko da na iya faɗa, Kawu zai hana ka mashigarmu har abada.

Saboda haka ina roƙonka, ka binne embuwas a cikinka, kada ya sake fitowa. Akwai wani tsuntsu, nendak, mai baƙin baya da jan ƙirji da doguwar wutsiya, wanda ke waƙa a bayan makaranta har Malama ta riƙa rufe taga. Shi manzon lafiya ne. Kaka ya ce in nendak ya yi kira ta dama, ya goge abin da ya gabata, a kwance gida. Kullum yana kasa kunne, nendak bai zo ba. Ka tafi can nesa ka saurare shi, ka koya har shi kansa ya amsa maka. In ba ka iya ba, ka yi shiru, gara shirunka da rabuwarmu. Kuma ka fyace hancinka tun daga gida.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ba ni tsoro, don na san ka da dama da hagu. Ba damarka ake nufi ba, damar Kaka. Shi yana zaune yana kallon kogi, kai kana kan ruwa kana kallon gida, to damarsa ita ce hagunka. Ka tuna hannun da kake ɗaukar alli da shi, Malama tana buge shi da sanda, ni ina hawaye a madadinka? Shi za ka bi. Ka wuce gidanmu ta waccan gaɓar, ka haura sama zuwa gindin duriyan, nesa da mashin Kawu. Hannun nan ya sha duka a banza, yau ranarsa ta zo.

In an sauke ganye, ni zan fara taka tsani, da kwandon shinkafa ko babu abin wankewa. Na yi maka alkawari zan ɗaga kai in dubi fuskarka, ko da ƙasa za ta tsage in shige. In kuwa aka haura da ni tsauni, ka sani zuciyata ba za ta bi ruwan can ba, nan za ta tsaya a kan kwana, ɗaure a kututture kusa da kwalekwalenka.

Taka, muddin kogin nan yana gangarowa wajenka, taka kuma ko ya juya,

Cendai