Majanyin Inna Tabawa

Tafoki, daren Lahadi, tsakiyar daminar 1976

Ya Ubangiji, Sarkin da ba ya gyangyaɗi, gafarta wa bawanka da ya zo ƙofarka da nauyin zuciya.

Yau a coci, ina jagorantar sujada, Inna Tabawa ta miƙe tana yi wa ɗanta Tanko addu'a, wanda ya tafi Ikko sauke siminti tun bara, shiru babu labari. Ta ce, "Ya Allah uwata, goya mini Tanko, ɗaure shi da majanyi kada ya zame."

Na katse ta gaban jama'a, na ce Allah Uba ne, Sarki ne, wannan kuwa ragowar tsafi ce. Ta zauna, ta rufe baki da zane.

Da la'asar na bi ta har gidanta, na iske tana surfe. Ko taɓarya ba ta ajiye ba.

"Malam, kai ka yi karatu," in ji ta. "Ni dai ubana bai taɓa goya ni ba. Daga yau a ɗakina zan roƙa, inda babu mai gyara."

Shekara da shekaru ina tsara wa Allah baitoci masu rawani da karaga. Na duba su kaf, na rasa guda wanda zai iya ɗaukar Tanko.